Ziyara daban, zama daban: fashin baƙi kan tsawaita zaman baƙo da ɗauko ɗan'uwa zuwa ƙasar waje

Mu ɗauka wata baiwar Allah tana zaune a Amurka, tana aiki, takardunta cikakku. Ta haihu, mahaifiyarta ta sami bizar ziyara ta je ganin jika. Wata huɗu ya wuce kamar jiya, jariri ya saba da kakarsa, mai jego ta koma bakin aiki hankali kwance. Da ranar komawa ta fara ƙaratowa sai magana ta taso a gida: "Mama, ai da kin ƙara ko da wata shida ne." Bayan kwana biyu maigidan ya kawo tasa shawarar: me zai hana a yi mata takardun zama gaba ɗaya, tunda ga ta nan ta riga ta shigo?

A bakin masu maganar, wannan duk abu ɗaya ne, wato Mama ta ci gaba da zama. A wurin hukumar shige da fice kuwa hanyoyi biyu ne da suka raba gari tun daga tushe, kowacce da dokarta da fom ɗinta da abin da take so a tabbatar mata. Ta farko tana so ka nuna cewa baƙonka zai koma gida. Ta biyu tana so ka nuna cewa yana da hurumin da zai zauna har abada. Yawancin tsaka mai wuyar da iyalai ke shiga daga cakuɗa waɗannan biyun take tasowa. Abin da ya fi ci mini rai kuma shi ne, wanda kuskuren ke faɗawa a kansa sau da yawa tsoho ne ko tsohuwa da ba su san hawa ba ba su san sauka ba, 'ya'ya ne suka cike takarda suka ce a sa hannu.

Zan fi daɗewa a kan Amurka, domin tsarinta ne ya fi yawan lunguna kuma a nan aka fi yin tuntuɓe, sannan in leƙa Birtaniya da Kanada da Turai.

Ranar da ake ƙirgawa

Mutane da yawa sukan buɗe fasfo su duba ranar da ke jikin biza, su ce ai da sauran lokaci. Wannan ranar ba ta da alaƙa da tsawon zaman da aka ba ka. Biza izini ce ta zuwa bakin ƙofa ka ƙwanƙwasa; ranar da ke jikinta tana nuna ƙarshen lokacin da za ka iya zuwa ka nemi shiga. Wanda ke yanke kwana nawa za ka yi shi ne jami'in hukumar kwastam da tsaron iyaka ta Amurka, wato CBP, da ya tarbe ka a filin jirgi, kuma hukuncinsa yana rubuce a wata takarda da ake kira I-94. Tun 2013 aka daina miƙa ta a hannu a filayen jirgi, ana duba ta ne a shafin hukumar na intanet da lambar fasfo. Mai bizar ziyara ta B-2 yawanci wata shida ake ba shi, amma jami'in yana da ikon ba da ƙasa da haka, kuma ba dole ne ya faɗa maka da baki ba. Saboda haka aikin farko ga duk wanda ya sauki baƙo shi ne ya buɗe I-94 a makon farko ya rubuta ranar a inda zai riƙa ganinta.

Idan ana son ƙarin lokaci, fom I-539 ake aika wa USCIS, hukumar da ke kula da takardun baƙi a cikin Amurka, kuma dole ya isa kafin ranar I-94 ta cika. Hukumar da kanta tana ba da shawarar a aika aƙalla kwana 45 kafin lokacin. Abin da ake bayarwa bai wuce ƙarin wata shida ba, kuma a bisa al'ada jimillar zaman tafiya ɗaya ba ta haura shekara guda. Wanda ya shiga ba da biza ba, ta tsarin ESTA na ƙasashen da aka ɗauke wa biza, kwana 90 ne nasa kuma babu ƙari.

Me hukumar take nema a cikin takardar? Dalili mai kan gado da ya taso bayan an shigo, kamar jinyar da likita ya rubuta cewa ba ta ƙare ba, ko haihuwar da ta zo da matsala. Sannan shaidar cewa akwai kuɗin da zai riƙe baƙon ba tare da ya yi aiki ba, da shaidar cewa yana da abin da zai koma wa: gida, aiki, fansho, iyali, da ranar tafiya tsayayya. "Muna jin daɗin zamanta" gaskiya ce, amma ba hujja ba ce a idon mai duba takarda.

Ga inda abin yake da santsi. Amsar USCIS takan ɗauki watanni, har ranar I-94 ta wuce ba a ji komai ba. Muddin an aika takardar a kan lokaci, ba ta wasa ba ce, kuma baƙon bai yi aiki ba, kwanakin jiran ba sa shiga lissafin zaman da ya saɓa doka. Idan ya tafi kafin amsa ta fito, ya fita lafiya. Sai dai ya adana rasit ɗin da kwafin takardar, domin wata rana za a tambaye shi abin da ya sa ya wuce ranarsa. Amma idan amsa ta zo da ƙi alhali yana ciki kuma ranar ta wuce, daga washegari ƙirge ya fara, bizar da ke fasfonsa kuma ta mutu. Ko da ta shekaru ce, ta tashi daga aiki, sai ya koma ƙasarsa ya nemi sabuwa. Wannan hukunci yana sashe na 222(g) na dokar shige da fice, kuma yana hawa kan wanda ya wuce wa'adinsa ko da kwana ɗaya ne.

Shi ya sa a ganina neman ƙari ba abin da za a yi da wasa ba ne. Ko an amince, jami'in da zai tarbi Mama a zuwa na gaba zai ga cewa ta ce wata biyu za ta yi ta yi shekara, kuma zai tambayi kansa ko ziyara take yi ko zama. Idan babu larura ta gaske, ta koma a kan lokaci ta sake dawowa ya fi tsare mata mutuncinta da bizarta.

Wanda kuwa ya zarce babu takarda, dokar 1996 da Shugaba Bill Clinton ya sa wa hannu ta tanadar masa tarko mai hawa biyu. Zaman da ya haura kwana 180 amma bai kai shekara ba, idan mutum ya fita, shekara 3 ba zai sake shiga ba. Shekara ɗaya ko fiye, haramcin shekara 10 ne. A lura da kyau, fitar ce ke tayar da hukuncin, shi ya sa wasu ke maƙalewa a ciki: zama laifi, fita kuma rufe ƙofa. Yaro ɗan ƙasa da shekara 18 ba a ƙirga masa waɗannan kwanaki. Akwai afuwa da ake nema, amma sai an nuna cewa miji ko mata ko mahaifi mai takardun Amurka zai shiga matsanancin hali. Ɗa ba ya cikin waɗanda ake dubawa. Ke nan uwar da ta yi shekara biyu a gidan ɗanta babu izini sannan ta koma gida, ɗan nan ko ɗan ƙasa ne ba zai iya nema mata wannan afuwar da sunansa ba. Ga wanda ya haura saba'in, shekara 10 ba ƙaramin abu ba ne.

Wa doka take kira ɗan'uwa?

Yanzu mu juya ga ƙofa ta biyu. Tun dokar 1965, wadda Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu a gindin mutum-mutumin 'yanci da ke New York, dangantakar jini da ta aure ta zama babbar hanyar samun katin zama na dindindin, wanda ake kira girin-kad. Sai dai zumunci a zuciya yana da faɗi, a takarda kuwa ƙunci gare shi. Babu gurbin kaka. Babu na kawu ko gwaggo ko baffa ko inna, babu na ɗan wa ko ɗan ƙane, babu na suruki. Ko kai ka raini yaro tun yana jariri, idan babu hukuncin kotu na ɗaukarsa a matsayin ɗa kafin ya cika 16, da shekara biyu na zama tare a ƙarƙashin kulawarka ta doka, a wurinsu ba ɗanka ba ne. Agola yana shiga lissafi idan an ɗaura auren kafin ya cika 18. 'Yan uba da 'yan uwa ɗaya ana ɗaukarsu 'yan'uwa, muddin takardun haihuwa sun nuna, kuma idan takardu sun yi rauni ofishin jakadanci yakan ba da shawarar gwajin ƙwayoyin halitta. Mai mata fiye da ɗaya, ta fari kaɗai doka ta sani.

Waɗanda suka shiga lissafin ma an kasa su gida biyu, kuma tsakanin gidajen akwai tazarar shekaru.

Gida na farko na makusantan ɗan ƙasa ne: mijinsa ko matarsa, 'ya'yansa marasa aure 'yan ƙasa da 21, da iyayensa idan shi ya cika 21. Waɗannan ba a ƙayyade adadinsu a shekara ba, saboda haka ba sa bin layi, jiran aikin ofis kawai suke yi. Sharaɗin shekara 21 ɗin nan ya kamata a ji shi da kyau, domin akwai masu zaton cewa haihuwa a Amurka tana ba iyaye izinin zama. Jariri ba ya cike wa kowa takarda. Kuma mai girin-kad ba zai iya neman iyayensa ba sam, sai ya zama ɗan ƙasa, wanda ke ɗaukar shekara 5 da samun katin, ko 3 ga wanda ke auren ɗan ƙasa. To a misalinmu na farko, tambayar da za a fara yi ita ce: ita mai jegon 'yar ƙasa ce ko mai kati? Idan mai kati ce, maganar ta tsaya a nan. Idan kuma mijin ne ɗan ƙasa, shi ba shi da hurumin neman surukarsa.

Akwai wani ɓoyayyen ƙulli a wannan gidan. Kowane mutum takardarsa daban, kuma ba ya jan kowa a bayansa. Uba fom ɗinsa na I-130, wato takardar neman ɗauko dangi, daban, uwa nata daban. Idan uwar tana da auta ɗan shekara 12, ba zai biyo ta ba. Ko dai ita ta nemi shi bayan ta sami katinta, ko yayansa ya neme shi a layin 'yan'uwa. Iyalai da yawa ba sa gane wannan sai biza ta fito, a tsaya ana kallon yaro ana kallon jaka.

Gida na biyu shi ne na masu bin layi, kuma dokar 1990 ce ta tsayar da adadin da ake amfani da shi har yau, aƙalla 226,000 a shekara ga duniya baki ɗaya. Rukunin F1, wato balagaggun 'ya'yan ɗan ƙasa marasa aure, gurbi 23,400. Rukunin F2, mata da miji da 'ya'yan mai girin-kad, 114,200. Rukunin F3, 'ya'yan ɗan ƙasa masu aure, 23,400. Rukunin F4, yayye da ƙannen ɗan ƙasa, 65,000. Sannan babu ƙasar da za ta ci fiye da kashi 7 cikin ɗari na jimillar. Ranar da takardarka ta isa ita ce lambar layinka, kuma kowane wata Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka tana fitar da jadawalin da ke nuna inda layi ya kai. A rukunin 'yan'uwa jira ya haura shekara 15 ga yawancin ƙasashe, ga 'yan Meziko da Filifin kuma ya kai kusan 20 ko fiye.

A cikin waɗannan shekaru rayuwa ba ta tsayawa, kuma kowane motsi yana taɓa takarda. Ɗan mai girin-kad da ya haura 21, idan ya yi aure yana jira, takardarsa ta faɗi, domin mai kati ba shi da gurbin ɗa mai aure. Ɗan ɗan ƙasa idan ya yi aure, ya sauya layi daga F1 zuwa F3. Wanda ya nemi ƙanensa yana da 'ya'ya ƙanana, kafin layi ya zo yaran sun girma, wanda ya wuce 21 yana iya zamewa, duk da akwai dokar 2002 da ke rage wa wasu shekarun lissafi. Ban ce kada a cike ba. A cike, tun da wuri ma, domin layin da ba ka shiga ba ba zai taɓa zuwa kanka ba. Amma kada ƙane ya ƙi aure ko ya bar sana'a yana jiran jirgi.

Sannan akwai alkawarin ɗaukar nauyi, fom I-864, wanda mutane ke sa wa hannu kamar takardar karɓar saƙo. Yarjejeniya ce da gwamnati wadda ake iya kai mutum kotu a kanta. Dole kuɗin shigarka ya kai kashi 125 cikin ɗari na ma'aunin talauci na gwamnatin tarayya gwargwadon yawan iyalinka, in bai kai ba ka nemo wanda zai tsaya tare da kai. Nauyin ba ya sauka sai wanda ka ɗauko ya zama ɗan ƙasa, ko ya tara aikin kimanin shekara 10, ko ya bar ƙasar ya ajiye katin, ko ɗayanku ya rasu. Saki ba ya sauke shi.

Inda hanyoyin biyu suke karo

Tambayar maigida ita ce mai wuyar: tunda ta riga ta shigo, a juya ziyarar ta zama zama mana.

Dokar Amurka, a sashe na 214(b), tana ɗaukar duk mai neman bizar ziyara a matsayin mai niyyar zama har sai ya gamsar da jami'i cewa zai koma. Wato da aka ba Mama biza, an ba ta ne bisa kalmarta cewa za ta dawo gida. Idan tun a lokacin an riga an ƙulla cewa ba za ta dawo ba, to an sami biza da ƙarya, kuma hukuncin yaudarar jami'in shige da fice haramci ne na har abada. Tun 2017 jami'an ofisoshin jakadanci suna aiki da wani ma'auni na kwana 90: wanda ya shiga da sunan ziyara kuma a cikin kwana 90 ya kama aiki, ko ya yi aure ya tare, ana ɗauka cewa da niyyarsa ya zo, sai ya kawo hujjar da za ta wanke shi. Wasu sun mayar da wannan kamar dabara, su jira kwana 91. Ba haka abin yake ba. Wucewar kwanakin ba ta goge shaidar da ke nuna an sayar da gida, an ajiye aiki, an kwaso kaya kaf kafin a taso. Ramin ƙarya ƙurarre ne, balle a wurin da ake adana kowace amsa da ka taɓa bayarwa.

Amma gaskiya ne cewa niyya tana sauyawa. Mutum ya zo da zuciya ɗaya, sai rashin lafiya ta same shi, ko mijinta ya rasu tana can, ko yaƙi ya ɓarke a ƙasarsu. Doka ta bar ƙofa ga irin wannan. Makusancin ɗan ƙasa da ya shigo ta hanyar halal yana iya aika I-130 tare da I-485, fom ɗin sauya matsayi daga ciki, ya nemi kati ba tare da ya fita ba, kuma ga wannan rukunin kaɗai, wuce wa'adi ba ya hana shi nema. Amincewa dai tana hannun jami'i. Kuma daga ranar da aka aika, idan ya fita ƙasar ba tare da takardar izinin tafiya ba, an ɗauka ya janye buƙatarsa. Sai a tambayi Mama tun kafin a fara: idan rasuwa ko biki ya taso a gida cikin watannin nan, za ki iya haƙura?

Ga masu bin layi kuwa wannan sassaucin babu shi. Ƙanen da ya zo ziyara, yayansa ya cike masa I-130, rasit ɗin nan ba ya ba shi izinin ƙara ko kwana ɗaya, ba ya ba shi izinin aiki. Idan ya zauna yana jiran layi na shekara 15, zaman haram yake tarawa, kuma ranar da layin ya zo ba zai iya karɓar katin a ciki ba, fita kuma ta jawo masa shekara 10. Garin neman ƙiba an samo rama. Na sha jin ana cewa "ai takardata tana ciki". Kasancewarta a ciki ba ta kare kowa.

Akwai masu tallar auren takarda a matsayin mafita. Hukuncinsa a Amurka ɗauri ne har shekara 5 da tarar da ta kai dala 250,000, kuma wanda aka taɓa samu da shi ba za a sake amincewa da wata takardar dangi a kansa ba. Ko auren gaskiya ma, idan bai kai shekara biyu ba lokacin da aka ba da kati, na wucin gadi ake bayarwa na shekara biyu, sai an dawo an nuna cewa ana tare.

Wani abin da ba a cika tambaya ba shi ne ko tsohuwar tana son zaman. Girin-kad na wanda ya mayar da Amurka gida ne. Wanda ya karɓa ya koma ƙasarsa ya shekara ba tare da izinin sake shiga ba, ana iya cewa ya yi watsi da shi. Ga kuma maganar asibiti, wadda ita ce ke karya gida: sabon mai kati da bai taɓa aiki a can ba sai ya yi shekara 5 a jere kafin ya iya sayen inshorar tsofaffi ta Medicare. Uwa da ke da ƙawayenta da maƙwabtanta da harkokinta, a kai ta inda za ta wuni ita kaɗai tsakanin bango huɗu kowa ya tafi aiki, ba lallai ne an yi mata gata ba. Wata bizar ziyara mai tsabta, ta zo ta koma lokacin da take so, ta fi mata katin.

A kuma sani cewa a saman duk wannan akwai umarnin shugaban ƙasa, wanda ke iya dakatar da ba 'yan wata ƙasa biza cikin dare ɗaya, kamar yadda aka yi wa ƙasashe 12 a watan Yunin 2025. Kafin a kashe kuɗi a duba halin da ƙasar mai fasfon take ciki a ranar.

Birtaniya, Kanada, Turai

Birtaniya ta fi Amurka tsauri a wannan fannin, sai dai ba ta da rufa-rufa. Baƙo wata shida ne nasa, kuma ba a ƙara masa ya wuce haka sai a 'yan wurare, kamar mai jinya a asibitin kuɗi ko malamin jami'a mai bincike. Akwai bizar shekara 2 da 5 da 10, amma kowane zuwa wata shida ne iyaka, kuma idan aka ga mutum ya mayar da ƙasar gida ta hanyar zuwa a kai a kai, ana iya mayar da shi daga filin jirgi. Baƙo ba ya juya bizarsa zuwa ta aure a ciki, sai ya koma gida ya nema. Mai ɗauko mata ko miji dole ya nuna kuɗin shiga fam 29,000 a shekara tun Afrilun 2024; daga 2012 zuwa lokacin fam 18,600 ne. Iyaye kuwa, tun 2012 ƙofarsu ta kusa rufewa: sai an nuna cewa tsohon ba ya iya wanka da girki da sa tufafi da kansa, kuma ko da kuɗin ɗansa ba za a iya samun mai kula da shi a ƙasarsa ba. Ka duba yadda sharaɗin yake cin kansa, domin wanda yake da kuɗin ɗauko uwarsa za a ce yana da kuɗin ɗaukar mata mai aiki a can. Wuce wa'adi da fiye da kwana 30 yana jawo haramcin aƙalla shekara guda, ƙarya a takarda kuma shekara 10. Bashin asibitin gwamnati da ya kai fam 500 shi ma yana iya hana biza ta gaba.

Kanada ce ta zauna ta dubi matsalar iyaye ta yi mata maganin da ya dace da ita. A Disambar 2011 ta ƙirƙiro biza ta musamman ga iyaye da kakanni, wadda ake kira supa biza. Tana iya kai shekara 10, kuma tun Yulin 2022 mai ita yana iya zama har shekara 5 a shiga ɗaya. Sharuɗɗanta a fili suke: ɗa ko jika ɗan ƙasa ko mai zaman dindindin ya gayyata, ya nuna kuɗin shigarsa ya kai ma'auni, a yi gwajin lafiya, a sayi inshorar asibiti ta aƙalla dalar Kanada 100,000 ta shekara guda. Ba ta ba da izinin aiki, ba ta kai mutum ga zama ɗan ƙasa, amma tana ba uwa damar ganin jikanta ya yi rarrafe ya yi tafiya ya shiga makaranta ba tare da kowa ya yi ƙarya ba. Zaman dindindin na iyaye kuma da ƙuri'a ake zaɓa, wanda ya ci ya ɗauki nauyinsu shekara 20, a lardin Kwibek 10. Baƙo na yau da kullum da ke son ƙari yana nema aƙalla kwana 30 kafin wa'adinsa, kuma yana nan bisa doka har amsa ta fito. Wanda ya makara yana da kwana 90 na neman a maido masa da matsayinsa. Dokar Kanada ma ta yarda a rubuce cewa mutum zai iya zuwa ziyara alhali yana fatan zama nan gaba, muddin jami'i ya gamsu zai fita idan lokacinsa ya cika.

A ƙasashe 29 na yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da ake yawo tsakaninsu da biza ɗaya, lissafin kwana 90 ne a cikin kowane kwana 180, kuma duk ƙasashen ɗaya ake ƙirga su, tsallakawa daga Faransa zuwa Jamus ba ya sabunta komai. Ba a ƙarin lokaci sai ga larurar da ta fi ƙarfin mutum, ko dalilin jinƙai, ko wani babban uzuri na kansa. Dokar Tarayyar Turai ta 2003 kan haɗa iyali ta tsaya a kan miji ko mata da ƙananan 'ya'ya, iyaye kuma ta bar wa kowace ƙasa ta yanke.

Idan lamari ya kai ga wuce wa'adi, ko an taɓa hana biza, ko akwai wata amsa a tsohon fom da ba daidai ba, a nemi lauyan shige da fice mai lasisi kafin a aika komai. A Amurka lauya ne ko wakilin da Ma'aikatar Shari'a ta amince da shi kaɗai ke da ikon ba da wannan shawara, a Kanada da Birtaniya ma akwai rajistar masu izini da kowa zai iya dubawa a intanet. Mai cike fom a bayan shago, idan ya rubuta abin da ba haka ba, sunansa ba ya kan takardar, na Mama ne. Saboda haka duk abin da za ta sa wa hannu a zaunar da ita a karanta mata shi layi-layi cikin harshen da take ji, a ba ta kwafi ta riƙe, domin ranar ganawa da jami'i ita kaɗai za ta tsaya a gaban taga ta amsa.